Gilashin Ƙarshe

Idan ido biyu ne ke jira, gilashi kuma ɗaya ya rage, wa za ka ba?

Wannan ce tambayar da ta tare Likita Nazifa a ranar ƙarshe ta aikin ido kyauta a Birnin Kebbi. Ɗan gilashin roba da ake dasawa bayan an cire yanar ido, guda ɗaya tak ya saura a akwati.

A layin mata akwai Hamida, manomiyar shinkafa daga Zauro. Da ta ɗora haɓa a kan na'ura aka haska idonta na dama, sai Nazifa ta cije leɓe. Wani mai maganin kasuwa ya soka allura ya tura yanar ciki, idon ya ruɓe ya mutu. Na hagu ma yanar ta fara rufe shi, amma tana ganin hanya.

A layin maza akwai Malam Abdussamadu na Argungu, dattijo mai tsabta da taushin murya, yanar ta rufe masa idanu duka biyun. Ya ce shekara guda ke nan aikinsa ya tsaya. Da ta tambayi wane aiki, sai ya ce na hannu ne, gadon uba.

Ƙa'ida ta ce wanda ba ya gani sam shi ne kan gaba. Nazifa ta bi ƙa'ida. Ta riƙe hannun Hamida ta roƙe ta ta dawo bayan wata uku, kada ta bari kowa ya taɓa idon.

A kan gadon tiyata dattijon bai ko motsa ba. Tambaya kawai yake yi: ta wane gefe wuƙar ke shiga, wane ɗigo ne ke kashe zafi. Nazifa ta amsa masa da sakin fuska, domin ba kasafai take samun mai son sani ba. Washegari da aka cire bandeji, bai nemi fuskar kowa ba. Yatsunsa ya ɗaga ya daɗe yana kallo.

Ba a cika wata biyu ba aka jawo Hamida da sanda. Girbi ya matso, ganin ya ƙara dushewa, mijinta ya kasa jira. Nazifa ta haska idon hagu. Ramin allura ne, a daidai gurbin da ta gani a na dama.

“Inna, wa ya yi miki wannan?”

“Wanda ya yi na farko, ɗiyata.”

“Kuma kika koma masa?”

Hamida ta juyo da fuskarta wajen da muryar take.

“Ya ce wancan karon hazo-hazo yake gani, shi ya sa hannunsa ya kuskure. Yanzu kuwa wata likita a Birnin Kebbi ta sa masa sabon gilashi.”