Ladanin Ƙasar Ƙanƙara

Tun da saƙon Azahar ya tafi babu amsa, jikina ya ba ni ba lafiya ba.

'Yata tana can ƙarshen duniya ta kudu, suna haƙa ƙanƙara tare da masana na ƙasashe daban-daban. Yanzu rana ba ta fitowa a wurinsu, shi ya sa take bin lokutan sallata na nan garin Laurel. Daga ɗakin gadin da nake aiki nakan rubuta mata, "Lokaci ya yi." Ita kuma ta ce, "Na ji, Ladan Baba."

Da La'asar abokiyar aikinta ta kira daga ofishin da ke haɗa ayyukan ƙasashen. Ta ce iska ta karya eriyar sadarwa a sansanin su 'yata. Sansanin wata ƙasa ya tura musu motar taimako, amma guguwa ta tsare ta a hanya.

Na ce, "To wa zai gaya mata lokacin salla?"

"Baba, ai tana da agogo. Cewa ta yi tun rasuwar mamanta ba ka da abokin magana, shi ya sa take so ka riƙa rubuto mata."

Da Magariba na sake rubutawa, "Lokaci ya yi."

Har yanzu ban sani ba ko motar ta isa.