Farantin da Dakta Ta Ware

Na san ko Alƙur'ani na dafa ba za ku yarda ba, amma ku tambayi duk wanda ya san Furofesa. Daga aji uku ya yi sallama da makaranta, aikinsa wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, bakinsa kuwa ya fi na masu digiri.

Dakta, shugabar ɗakin, man ganyen shayi take tatsa, su na'ana'a da danginta. Takan ɗiga man a 'yar takarda, ta ɗora a farantin da ta shuka ƙwayoyin cuta. In an wayi gari fili ya zagaye takardar, man ya kashe su ke nan.

Rannan ya fasa mata kwalba, ta ce masa daƙiƙi a gaban ɗalibai. Ya ƙullace ta.

Akwai wani faranti da ta ware, ko ɗalibi ba ta bari ya taɓa. Tana fita cin abinci, gogan naku ya ɗiga wa takardar na'ana'a ruwan bilicin da yake goge ƙasa da shi.

Washegari sai ga fili fetal. Dakta har da hawaye, ta zari waya ta fita da gudu. Furofesa ya shige banɗaki, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ku jira ranar taro," in ji shi ga direbobin wurin aikinsu. "Za ta tsaya gaban manya ta ce shayi ya fi allura. Mu ga waye daƙiƙin!"

Kwanakin nan duniya ta yi masa daɗi. Ko a asibiti, inda ciwon suga ya kwantar da tsohuwarsa, aka ce an fasa cire mata yatsan ƙafa, ana gwada wani magani. Ya leƙa, ya yaba ƙamshin ɗakin, ya wuce.

Dakta ta maimaita gwajin, ta sake maimaitawa. Babu fili ko na kan allura. Direbobi kuma ba su iya riƙe magana ba.

Da ta aika kiransa, ya shiga yana taku ɗai-ɗai, ya riga ya shirya jawabin da zai yi in an kore shi. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Je ka asibiti, ana neman wanda zai sa hannu. Yanzu daga gwiwa za a yanke."

Ta nuna masa farantin da ta ware.

"Ƙwayoyin farantin nan daga ƙafar mamarka na ɗebo su. Da na ga filin nan, ni na roƙi likita ya dakata da aikin, a gwada mata man na'ana'a."