Saniya Mai Lamba Tara

Abin wuya arba'in Dakta ta sauke daga bayan mota, kowanne da lamba da 'yar na'ura kamar kwalin ashana. Bincikenta a kan gyatsar shanu yake. Ta ce iskar da ke fita daga cikin saniya sama take hawa ta ƙara wa duniya zafi, kuma wata saniyar ta fi wata laifi. Aikinta ta gano wacce.

Mai gona ya ce shanunsa arba'in ne cif. Rabonsa da shiga garken tun bikin 'yarsa, da aka kwana biyu ana rabon nama. Tsohon makiyayinsa, wanda kowa ke kira Baba, ya buɗe baki zai yi magana. Wandonsa ya zame, ya cafke, ya fasa maganar.

Shekara bakwai Dakta ta yi tana karatun saniya, amma ba ta taɓa tsayawa a bayanta ba. Ranar farko wata ja ta kai mata shuri, takalminta ɗaya ya faɗa kwamin ruwa. Daga nan ta miƙa wa Baba buhun abin wuyan gaba ɗaya, ta ce ya ɗaura musu. Ita kuwa ta koma ofis ta rufe ƙofa, ta zuba wa kwamfuta ido.

Na'urar tana jin iska, tana ƙirga taku, tana aiko da rahoto. Shanu duk halinsu ɗaya, in ban da Lamba Tara.

Lamba Tara ba ta tuƙa. Takunta kaɗan ne, tana kuma ɗan jan ƙafa. Sauran shanu gyatsarsu a hankali take fita, daga safe zuwa yamma. Ita da safe shiru kamar ba ta nan. Amma da an yi azahar da kamar awa guda, sai layinta a kwamfuta ya miƙe tsaye kamar turken wuta. A takardar masu tatsa kuwa, layin tara fari fat, ko cokali ba ta taɓa bayarwa ba.

Dakta ta leƙa ta taga. Baba na zaune a kan bokiti, matarsa ta kawo masa kwanonsa na kullum, wake da dafaffen ƙwai. Ta ce, "Baba, wacce ce Lamba Tara?"

Ya ce, "Ni da fuska na san su, 'yata. Lamba taku ce ta 'yan boko."

Ya tashi ya bi bayan garken a hankali, sanda a kafaɗa, hannuwa duka biyu a kanta.

Dakta ta sa aka canja dusa. Lamba Tara ba ta canja ba. Ta sa aka zuba garin magani a harawa, gyatsar shanu duk ta ragu, ta Lamba Tara ta ƙaru. Shafi goma sha biyu ta rubuta a kanta, har da zane. Da murnarta ta kai wa mai gona, nan ta yi kuskure.

Mai gona bai karanta shafi goma sha biyu ba, layi biyu ya karanta. Ya ce, "Madara babu, ga dafa mana duniya. Ina ciyar da ita tana ƙona ni? A kira mahauci."

Dakta ta ce a dakata. Ita takarda ta zo rubutawa, ba ta zo sa a yanka kowa ba. Wata uku tana kallon layin nan har ta saba da shi, in azahar ta wuce bai miƙe ba sai ta ji ba daɗi. Ta roƙi mako guda. Ta ce baiwar Allahn nan ba ta da lafiya ne, kuma da alama tsohuwa ce. Mai gona ya ce shi ya sa ma.

Mahauci ya iso da hantsi ya wuce, da igiya da wuƙa biyu. Ya tsaya a ƙofar garke yana wasa ɗaya da ɗaya, yana tambaya ko mai kitse ce. Mai gona ya naɗe ƙafar wando ya ce, "Dakta, nuna mana ita."

Babu yadda za ta yi. Ta danna waya, na'urar Lamba Tara ta soma kuka daga nesa, tsit, tsit, tsit.

Suka shiga, Dakta a tsakiya tana riƙe da rigar mahauci. Suka wuce jar nan mai shuri, ba ita ba ce. Suka wuce waɗanda ake tatsa, suka wuce masu ciki. Dakta na duba wuya ɗaya bayan ɗaya, tana addu'ar batir ya mutu. Kukan sai ƙaruwa yake. Suka wuce saniya ta ƙarshe, har yanzu kukan na gaba, can wajen kwamin ruwa, inda ko maraƙi babu.

Mahauci ya daina wasa wuƙa.

Baba, da ke zaune a gefen kwamin, ya ajiye kwanon wake. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi sama. Sannan ya ce, "Af! Ashe kuka yake yi? Guda ne ya yi saura, maigida, tun da an yanka saniya ɗaya a biki, na ga bai kamata ya lalace a banza ba."

Ya ɗaga riga, ga abin wuya mai lamba tara a ƙugunsa, ya riƙe masa wando tamau tun ranar da tazugensa ya tsinke.