Ɓawon da Ke Gindin Lemo

Buhun farko da Abarshi ya kawo wa Huraira, da hannunsa ya juye shi a gindin lemon tsakar gida. Ɓawon itace ne, kowane guntu bai wuce tafin hannu ba. Ya durƙusa yana jera su ɗaya bayan ɗaya, bayansu a ƙasa, jan cikinsu yana kallon sama.

"Haka suke tare ruwa," in ji shi. "A lambun Baturen bariki na gani. Amma kada ki riƙa ɗaga su, Huraira. Kunama na son sanyinsu."

"To, Yaya. Allah Ya bar zumunci."

Shekarar diban gwamna ce, lokacin da ake kwasar maza daga Birnin Gwari ana kai su haƙar kuza a Jos. Waɗanda suka dawo da tari suka dawo, wasu kuwa sai labarinsu. Da sunan Jumare, mijin Huraira, ya fito, bai tsaya jiran dogarai ba, ya ɗauki gatari da guzuri ya nufi daji.

Abin dariya ne, in da lokacin dariya ne. Jumare maɗinki ne, mutumin da ko itacen girki bai iya zaɓa ba. Shi ma ya san kansa. Don haka ya gaya wa matarsa da yayansa Abarshi dabarar da ya yi: duk itacen da ya wuce zai sare masa alama mai kamar sawun kaza. In ƙura ta lafa, ita zai biyo ya dawo gida. Abin da ya roƙi Huraira ɗaya ne, kada lemon da ya dasa ya mutu kafin ya dawo.

Ranin wannan shekarar kuwa ya zo da mugunta. Rijiyoyi suka ja baya, ƙasa ta tsage, shukokin maƙwabta suka bushe a tsaye. Lemon Jumare kaɗai ya yi kore shar, don ɓawon nan yana riƙe laima har la'asar. Abarshi bai gaza ba. Sana'arsa ce dama sassaƙen magani, kullum yana daji, kuma duk 'yan kwanaki sai ga shi da sabon buhu. Tun yana dawowa kafin azahar, har ya koma sai rana ta yi ja, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Huraira har kunya take ji, mutum na wahala haka saboda itace ɗaya. Ga shi kuma ya karɓi fadamar Jumare yana nome masa, fadamar da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kanta tun rasuwar mahaifinsu. Ta ce a ranta, ashe wuya na gyara 'yan'uwa.

Dogarai suka gaji da sintiri, aka cike gurbi da wani, maganar ta mutu. Jumare bai dawo ba.

Hankalin Huraira ya tashi. Ta roƙi maharban ƙauyen Gayam, suka shiga daji suka yi ta bulayi, suka fito hannu wofi. Babbansu, Bakoji, ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya.

"Baiwar Allah, mun duba gabas mun duba yamma. Ko itace ɗaya ba mu gani da alamar nan ba. Sai dai wuraren da masu magani suka ɗebi sassaƙe."

Mutane suka fara cewa ai Jumare bai taɓa sara komai ba, tsoro ne ya ruɗa shi ya faɗa daji kai tsaye. Wannan maganar ta fi komai ci mata rai. Daga wannan makon Abarshi ya daina kawo buhu. Ya ce wanda ke ƙasa ya isa.

Ita dai ba ta fasa ba. Kowace safiya sai ta juye tulu a gindin lemon, tana jin in dai itacen na raye, mai shi ma yana raye.

Wata safiya, tana cikin ban ruwa, kazarta ta shiga tonon gara, ta watsa ɓawon, guda ya kife a gaban ƙafarta. Huraira ta ga sawun kaza a bayansa, ta ɗauka na kazar ne. Ta sa yatsa ta goge. Bai gogu ba. Saran gatari ne, ya bushe, ya yi baƙi.

Ta manta da kunama. Ta juya na kusa da shi, ta juya na gaba, ta sa hannu biyu tana tonowa har na can ƙasa da suka fara ruɓewa, kowanne da sawun kazarsa. Tulun da ta jingine ya suɓuce ya fashe, ba ta ko waiga ba.

Hanyar dawowar Jumare ce gaba ɗaya Abarshi ya ɓaɓɓare daga jikin itatuwa ya jere mata a tsakar gida, ita kuwa tun farkon rani take zuba mata ruwa.