Tantin da Ke Jiran Bilya

Tun da aka hana kwanan daji mutum ɗaya, tanti ba ya buɗewa sai ya ji tafin mutum biyu. Sagiru ya sani sarai, amma ya ɗaure nasa a bayan keke, ya bi burtali har gindin dutsen da suke sauka shi da ƙanensa Bilya.

Da la'asar ya ɗora hannu. Tantin ya ce, "Ina jiran Bilya."

Wani dattijo makiyayi ya tsaya. "Ɗana, goge sunansa daga tantin in sa maka hannuna. Hadari ya haɗu."

Tun bayan sadakar arba'in ba wanda ya ƙara ambatar Bilya a gida.

"Bar shi, Baba."

Ruwa ya sauko. Sagiru ya sake ɗora hannu.

"Ina jiran Bilya."

"Ni ma," in ji shi.