Shagon Zare a Hawa na Biyu

Ranar Litinin, tara ga watan Agusta, an wayi gari da yayyafi, kuma a cikin yayyafin nan wani mai sayar da zaren hula ya kwashe kayansa daga tsohuwar kasuwar tsakiyar gari. Za a faɗaɗa titi, layinsu gaba ɗaya ya shiga awo. Ba a zalunce shi ba, don an ba shi shago a sabon ginin da aka yi bayan tasha, a hawa na biyu, da tayil da ƙofar ƙarfe. Abin da ya tsaya masa a rai tabarmi ne. Tun zamanin mahaifinsa, kullum da safe akan shimfiɗa manyan tabarmi a ƙofar shagon, a ƙarƙashin wata ceɗiya. Masu ɗinkin hula su zo su zauna, kowa da hularsa a gwiwa, ana ɗinki ana gardama. Wanda zarensa ya ƙare sai ya miƙa hannu baya kawai ya ce ja, ko shuɗi. Shi a ganinsa inuwar nan da tabarmin nan su ne suka riƙe masa mutane. A sabon gini kuwa an hana shimfiɗa komai a baranda, cikin shagon ma kujera ɗaya ce take shiga.

Saboda haka ya kai tabarmin masallaci, ya tashi bai faɗa wa kowa inda ya koma ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce a bari ya daidaita tukuna. An rene shi a kan cewa ka kira dattijo wurinka ka bar shi a tsaye cin mutunci ne, to gara su neme shi su rasa da ya yi musu haka. Ya zauna makonni yana sayar wa 'yan wucewa allura, yana kallon zarensa a jere ba mai taɓawa.

Wata rana da hantsi ya ji ana hawo matakala a hankali, sanda tana bugun siminti. Ashe babban cikin masu ɗinkin ne, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ya bi diddigi har ya samo mai baron da ya yi dakon kayan. Mai zare bai san lokacin da ya miƙe ba. Fuskarsa ta washe, ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ya tambayi gwiwa, ya tambayi gida, ya tambayi hular da ya bari ana yi wa wani ango. Can ya tuna, sai ya shiga ba da haƙuri, yana cewa wurin ba shimfiɗa.

Tsohon ya jira numfashinsa ya dawo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, tabarma ce babu a gidana? A ƙasa akwai mai zare, har da kujerun roba da fanka. Na tsaya a kansa, bai ɗago daga wayarsa ba. Ba ni baƙin zare biyu, ka daina ba ni haƙuri."

Washegari ya dawo da mutum biyu, bayansu sauran suka biyo. Yanzu ɗinkin a gida suke yi, amma sukan hawo da safe su jingina da ƙarfen baranda, su yi gardamarsu a tsaye, su sayi zare su sauka. Ciniki bai kai na da ba, amma tukunya ba ta taɓa kwana ba wuta ba. Kujerar nan ɗaya kuwa ta zama ta wanda ya fi kowa shekaru a ranar, shi mai shagon ya tsaya a ƙofa yana yi wa masu hawowa barka da zuwa. Shi ya sa Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.