Jaririn cikin takardar kifi

Baba kuku ne a gidan wani nasara, shi ke kawo mana tsofaffin mujallun kimiyya, Inna tana naɗe soyayyen kifi da su a Gamkalle. Babu mai karatu a gidanmu, ni ma sai da na yi furfura na koya.

Wata la'asar na yago mata shafi, sai ga hoton jariri cikin mahaifa, jajawur, ido rufe. Lokacin Inna tana da tsohon ciki, bayan ta sha ɓari.

"Ke, kife shi!" in ji ta. "Abin da Allah ya ɓoye, wa ya buɗe?"

Na ce, "Inna, yana da rai?"

"Ina rai? Ciro shi aka yi. In na bar shi a fili, zai kira nawa."

Ta yagi farin ƙyalle ta naɗe shafin, muka tafi garka, ta binne shi gindin mangwaro.

Ƙanena ya zo da rai, yanzu har da jikoki. Dariya yake in na ba shi labari. Ni dai ban sake cin mangwaron nan ba.